Ƙwaron da Ya Tsayar da Katafila

Akwai wata dattijuwa mai suna Zeliha a wani ƙauye cikin duwatsun Toros na Turkiyya. Duk abin da ta mallaka awaki ne, sai tudun da suke kiwo a kai, inda kabarin mijinta yake.

Kwatsam aka ba wani kamfanin fasa dutse tudun. Ta je wurin mai gari, ta je birni, ta yi roƙo har muryarta ta dushe. Kowa sai ya ce, "Haƙuri, Inna." Abinci ya daina shigar mata.

Ana cikin haka wata baƙuwa ta iso da jaka da kyamara.

Dursun, maƙwabcin Zeliha, ya ce, "Ga 'yar aiken kamfani nan! Ko shayi kada wanda ya ba ta."

Da rana tsaka Zeliha ta tarar da ita a kan tudu, jiri ya kayar da ita, leɓɓanta sun bushe. Ta wuce ta, sai kuma ta kasa. Ta dawo ta ja ta inuwa, ta miƙa mata kindirmo da gurasa.

"Sha. Ko ke kika zo raba ni da ƙasata, ba za ki mutu da ƙishi a gabana ba."

"Wace ƙasa, Inna? Sunana Nermin, nazarin ƙwari nake yi a jami'a. Saura kaɗan in koma gida, na gaji da korar da mutanen nan ke yi min."

Tana rufe baki wani ƙwaro ya sauka kan fure a gabansu, rawaya da zanen baƙi, fikafikansa na baya dogaye kamar ludayi biyu. Nermin ta ƙame.

"Inna, kada ki motsa! Shekaru ana nemansa, har an ɗauka ya ƙare."

Ta ɗauki hotuna ta tafi. Shiru, shiru, har katafila ta iso ta cinye gefen tudun. Zeliha ta zauna a gabanta tana kuka, direba na mata tsawa.

A cikin satin kotu ta dakatar da aikin, saboda rahoton Nermin ya nuna fasa tudun zai hallaka ƙwaron da aka daɗe ana nema. Gefen da aka fasa bai dawo ba, amma sauran ya tsira.

Dursun ya zo yana sosa ƙeya. "Inna, da kin bi tawa fa?"

Ta ce, "Da yanzu tsakuwa muke kiwo."

Darasi: Kada baƙin cikinka ya hana ka tausayin wanda ya faɗi a gabanka, ba ka san ta hannun wa Allah zai kawo mafita ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.