Malam Haladu da Dokar Shiru

An yi wani mutum a wani gari, tun da daɗewa, ana ce masa Malam Haladu. Shi ke kula da ɗakin karatu na gari, inda kowa ke zuwa aron littafi. Dokar ɗakin ɗaya ce: shiru.

To, ku saurara. Bawan Allahn nan ya lura yara kan ɗauki littafin waƙa su zura masa ido, su yi hamma, su ajiye. Ya ce, "Kai! Ai waƙa ba kallonta ake yi ba, rerawa ake yi." Sai ya riƙa tara su bayan la'asar, yana jan baiti suna yi masa amshi.

Manya masu karatun jarida suka kai ƙara. Shugabansa, Alhaji Maikano, ya kira shi ya ce, "Haladu, kasuwa muka ba ka? Na sake jin murya a ɗakin nan, a bakin aikinka."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji."

Bai yi gardama ba, bai kuma kori yaran ba. In ya tashi aiki sai ya ari littattafan kamar kowa, ya ɗora a ka da tsufansa, sai gindin wata tsamiya, yaran na biye da shi. Ana ta yi masa dariya, wai tsoho ya koma wasan yara. Ya yi haƙuri, jama'a, ya yi haƙuri.

Aka sake kai ƙara, wai yana fitar da kayan hukuma. Alhaji ya taho a fusace zai karɓe makulli. Yana isa gindin tsamiyar ya ji wata yarinya tana jan baiti, murya garau. Ya leƙa. Ashe 'yarsa ce Ramlatu, wadda i'ina ta sa ko "Baba" sai ta yi fama kafin ya fita.

Ya tsaya cak, hawaye na zuba. "Malam, yaushe ta iya wannan?"

"In tana rerawa harshen ba ya sarƙewa, Alhaji. Wuri ne ba ta samu ba."

Alhaji ya kama hannunsa. "Na gode, Malam, ka yafe ni. Gobe ku koma ciki. Masu jarida su fito gindin tsamiya."

Kun ji fa. Haƙurin mutumin kirki ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku da kullum kuke ce wa yaro "rufe mana baki," ku kai shi ɗakin karatu ya buɗe bakin da waƙa mai ma'ana. In kun tarar da wani Haladu a can, ku gode masa tun yana raye. Allah ya saka wa irinsu da alheri.