Jan Bitamin na Ɗan Hammadu

An yi wani mutum a ƙasar Mayahi, a shekarar farin da sojoji ke riƙe da mulki. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Ciwonsa ɗaya: ba ya iya ganin alheri a gidan wansa Hammadu ya yi barci.

Da yunwa ta rage wa yara ƙarfi, sai ciwon haƙarƙari ya shiga gari. Ya kama ɗan Hammadu mai shekara biyu, ya kama jaririn mutumin nan da bai kai shekara ba. Tare suka je gidan likita. Kowane yaro aka ba shi siro, maganin ruwa na kashe ciwon, aka ce a sha har ya ƙare. Sannan aka matsa musu bitamin a baki don jiki ya samu ƙarfi: babba ƙwaya ja, jariri shuɗiya, kowa daidai da shekarunsa.

Ɗan Hammadu ya fara miƙewa. Mutumin nan bai ga siro ba, bai ga ikon Allah ba, ja kawai ya gani. Ya ce wa matarsa Binta, "Kin gani ko? Mai ƙarhin sun ba nashi, mu aka ba mu ta talakawa."

Ta ce, "Malam, an hwa ce mu ci gaba da siro."

Ya ture kwalbar gefe. Ya saɓa yaro yana numfashi sama-sama, ya hau kabu-kabu, ya bi ƙauyukan da ake rabon bitamin, daga Gidan Amumune har Issawane. Ko'ina sai ya yi ƙaryar shekarun yaron don a ba shi ja. Wasu suka ƙi, wasu suka ba shi. Duk wadda aka matsa, sai ya ji daɗi ya wuce Hammadu.

Ya 'yan uwa, bitamin mataimaki ne, ba shi ne maganin ba. In kuma ya yi yawa, cuta ne. Wane uba ne zai ji ƙirjin ɗansa na kuka a kafaɗarsa, amma hankalinsa na gidan wani?

Yaron ya yi ta amai a hanya. Kafin su iso gida rai ya yi halinsa.

Binta ta karɓi gawar ɗanta, ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Kai ba ɗanka ka tahi nema ma lahiya ba. Yaya Hammadu ka tahi kayarwa." Bayan sadakar bakwai ta koma gidansu, ba ta sake dawowa ba.

Ajali na Allah ne, amma za a tambayi mutumin nan amana. Hassada ba ta taɓa wanda ake yi wa ba, abin da ke hannun mai yin ta ta cinye. Ya 'yan uwa, kowa ya duba zuciyarsa kafin ya duba gidan ɗan uwansa.

Allah ya raba mu da baƙin ciki da rabon wani, ya raya mana zuri'a. Allah ya kiyaye mu.