Ikilisiya Tana Gona

Ku matso kusa, ku bar surutun nan haka. Yau shari'a na kawo muku, wanda ya san ba ya iya musu ya tashi tun yanzu.

A Kukar Bawa akwai wata 'yar majami'a ta jar ƙasa. Al'adar garin kuwa, da dawa ta fara nuna, ran Lahadi sai iyaye su sha wanka su tafi sujada, a tura yara gona korar tsuntsu. Da rani in yaran sun zo, bakin ƙofa suke zama, Baba Ishaya, babban dattijon ikilisiya, yana tsaye a kansu da tsumagiya. Ka yi tari ka sha ta. Haka suke girma ko Addu'ar Ubangiji ba su iya ba, da sun tasa su kama hanyar birni. Rabaran ya zo daga gunduma ya duba, furfura ce zalla. Ya ce in ya dawo baɗi bai sami matasan da zai yi wa baftisma ba, za a rufe majami'ar.

Maganar nan ta tsaya wa Iya Afiniki a rai. Marigayi mijinta ne ya kwaɓa ƙasar ginin, kabarinsa ma yana bayan majami'ar. Ta roƙi dattawa a ware wa yara aji, suka ce ba a saba ba. Lahadi ta zagayo, ana tsakiyar wa'azi ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

Baba Ishaya ya ce, “Afiniki, ina zuwa?”

Ta ce, “Wurin ikilisiya, Baba. Tana gona tana korar tsuntsu.”

Tabɗi! Ta fice abinta. Ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki suna kanta. Ta bi gona-gona ta tara yaran a gindin wata ɗorawa. Dattawa suka sa ta a horo, aka mai da ita bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji. Ta yi kuka, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta fasa ba. Ba don ita ba, da ba wanda ya fara.

To, amma yaron da idonsa ke kan tsuntsu ina ya ga zaman koyo? Ana cikin labarin Yusufu sai a watse a guje. Nan Kefas manomi ya shigo. Ya ce 'ya'yansa sun bar gona ran Lahadi, tsuntsu ya ci abin da zai ci. Ya kuwa ci, har matarsa ta daina yi masa magana. Kefas bai saduda ba. Ƙato da gemunsa ya ɗauki majajjawa da gwangwani, ya shiga tsaron gonakin maƙwabta don nasu yaran ma su zauna. Aka yi masa dariya har da riƙe ciki, daga baya kunya ta kama iyaye maza suka fara karɓa-karɓa. Ba don shi ba, da ba yaron da ya zauna.

Ana haka ciwon gwiwa ya kwantar da Iya Afiniki. Samari da 'yan mata kuwa dama sun ce waƙar tsohuwa ta ƙananan yara ce. Sai ga Biriskila, 'yar Baba Ishaya ta cikinsa, wadda ta gama makaranta, aikin koyarwa na jiranta a birni. Uban ya ce ko ta tafi, ko ta daina gaishe shi. Ta durƙusa ta ce, “Baba, gaisuwa ba zan daina ba, tafiya kuma ba zan yi ba.” Aikin ya wuce ta. Ta koya wa manyan karatu, ta damƙa wa kowannensu ƙarami ya riƙa koya masa, ta shirya su don baftisma. Ba don ita ba, da abin ya mutu a hanya.

Rabaran ya dawo, ya shiga rafi ya yi ta baftisma har hannunsa ya gaji. Ba a rufe majami'ar ba. A gaban jama'a Baba Ishaya ya karya tsumagiyarsa, ya tashi daga kujerarsa. Rabaran ya ce kujerar nan ta mai magana da yawun yara ce daga yau, mace ko namiji, amma mutum ɗaya za ta ɗauka.

Iya Afiniki, da aka kawo ta a kan jaki, tana son kujerar nan, ba ƙarya. Amma ta dubi Kefas da rumbunsa ya kwana wayam, ta dubi Biriskila da har yau ubanta bai amsa gaisuwarta ba, sai ta bar wa jama'a zaɓi.

To, ga ta nan gare ku. Wadda ta sha horo, da wanda ya rasa dawarsa, da wadda ta rasa aiki da fara'ar uba, wa za ku zaunar a kujerar Baba Ishaya?