Ƙafar Barmo Mai Haƙar Rijiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can a zamanin da, ana ce masa Nomau. Gona ɗaya gare shi, da jaki ɗaya. Matarsa ta gaji da zuwa rafi, sai ya kira Barmo mai haƙar rijiya suka yi jinga: Barmo zai zo da kayan aikinsa da igiyarsa, in ya taɓo ruwa a sallame shi.

Ku saurara. Rami ya kai gaba bakwai, igiya ta tsinke. Barmo ya faɗa, ƙafa ta karye. Ga damina ta kawo kai, ga baki shida a gidansa.

Aka je gaban mai unguwa. Al'adar garin kuwa, in baranka ya ji ciwo a aikinka, jinyarsa da cin iyalinsa suna wuyanka. In ɗan jinga ne, abu ɗaya ake tambaya.

Mai unguwa ya ce, "Barmo, igiyar wa ta tsinke?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"To Nomau, tashi ka tafi. Ba baranka ba ne."

Bai tashi ba, jama'a. Bai tashi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, igiya tasa ce. Ramin fa? A tsakar gidana yake. Ruwan da ya shiga nema, ni zan yi alwala da shi."

Wani dattijo ya ce, "Kai Nomau, jakinka ma ya fi ka wayo!" Aka yi dariya.

Nomau ya ɗora Barmo a jakin, ya kai shi wurin mai ɗori. Ruwan shuka ya sauka, Nomau ya fara da gonar Barmo. Noma ya zo, ya fara da gonar Barmo. Tasa ciyawa ta rufe ta.

Matarsa ta ce, "Malam, mu kuma me za mu ci bana?"

Ya ce, "Wanda ya ga ƙafar Barmo yana ganin gonarmu."

Rannan da safe masu wucewa suka hangi mutum zaune a ƙasa cikin gonar Nomau, ƙafa ɗaure da karare, yana jan gindi yana cire ciyawa da hannu. Barmo ne. Kunya ta kama garin. Mai unguwa da kansa ya sa makaɗi ya buga gayya, maza suka fito da garemani, har dattijon nan mai dariya. Kafin azahar gona ta yi fes. A nan bakin gonar mai unguwa ya ce daga yau duk wanda ya ji rauni a aikin wani, bara ne ko ɗan jinga, mai aikin zai ɗauke shi.

To kai mai ginin bene, birkila ya faɗo daga saman gidanka, ka ce kwangila ka ba shi, ba ma'aikacinka ba ne. Gidan na waye? Wa zai kwana a ciki? Wanda jikinsa ya lalace a kan amfaninka yana da hakki a kanka, ko me ka kira shi. Ku sauke shi tun kuna da rai. Allah Ya ba mu iko.