Sifikar Inna Rabi'a da Lambar Sirrin Bawa

Akwai wani ɗan kasuwa a garin Jibiya, sunansa Bawa. Yana da shago a Magama, dab da bakin iyaka. Yana kai kayan roba Maraɗi, ya dawo da dabino da albasa.

Mahaifiyarsa, Inna Rabi'a, a gidansa take zaune. Idanunta sun yi ta raguwa a hankali har suka tafi gaba ɗaya. Ba ta taɓa kuka da rashin ganin hanya ba. Abin da ke cin ranta shi ne Alƙur'aninta, wanda ta saba saukewa kowane azumi tun tana da ƙarfinta. Yanzu sai dai ta ɗauko shi ta shafa bangonsa ta mayar.

Babbar 'yarta Hasiya tana aure a Kano. Da ta je Umara sai ta yo mata tsarabar wata 'yar sifika, girmanta bai wuce kwanon sha ba. Irin wadda ake yi wa magana ta amsa. Ba ta jin Hausa, amma tana jin Larabci, kuma sunayen surori ai duk Larabci ne. Inna za ta kira ta, ta faɗi sunan sura, sai karatu ya tashi. Ba neman maɓalli, ba jiran wani.

Sai dai sifikar ba ta motsi idan babu intanet. Hasiya ta san da haka, shi ya sa ta haɗo da ɗan akwatin waifai, ta ce a ajiye a ɗakin Inna.

Bawa ya juya akwatin a hannunsa ya ce, "Wanga ai ɓarna ce a ɗakin tsohuwa. Wayata ta isa."

Ya kai akwatin shagonsa, inda abokansa ke taruwa kallon ƙwallo. Ita kuma sifikar sai ya haɗa ta da hotsifot ɗin wayarsa, wato intanet ɗin da waya ke rabawa na kusa da ita. Ya sa lambar sirri, ya hana kowa, har matarsa Salmatu.

To kun ga abin da hakan ke nufi. Idan Bawa yana gida, sifika na raye. Idan ya sa ƙafa ya fita, ta mutu.

Shi kuwa abin daɗi ya yi masa. Da ya shigo zaure, wayarsa ta matso, sai fitilar sifikar ta kama a ɗakin Inna. Har abokai yake jawowa su gani.

"Ku duba nan," in ji shi. "Na'ura ma ta san maigida ya iso."

Su yi dariya. Inna tana kan tabarmarta, ta wuni tana jiran wannan shigowar kamar mai jiran ruwa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan dariyar sai raina ya ɓaci. Uwa ce fa.

Azumi ya kama. Inna ta ɗaura niyyar sauke Alƙur'ani da kunne, tunda ido ya ƙi. Jikinta ba daɗi a shekarar, ƙafafunta sun kumbura, abinci ma kaɗan take taɓawa. Ta ce wa Salmatu, "Ɗiyata, ban san ko zan ga wani azumin ba. Wanga nake so in cika."

Ta riƙa tsintar karatun a ɗan lokacin da Bawa ke gida, da safe kafin ya fita, da yamma bayan ya dawo. A haka a haka ta wuce rabi.

Ana shiga goman ƙarshe Bawa ya ƙetara Nijar ɗauko kayan Sallah. Ya ce kwana ɗaya zai yi. Motar da ya yi wa lodi ta lalace a bayan Maraɗi, aka ce sai an nemo wani ƙarfe daga nesa. Shi kuma ba zai bar kayansa a hanya ba.

Ɗakin Inna ya yi tsit.

Ta kira sifika, ta faɗi sunan sura. Sifika ta yi wata magana da Larabci ta yi shiru. Ta sake kira. Haka dai. Salmatu ta ɗauko Alƙur'ani ta gwada karanta mata, amma karatunta bai yi nisa ba, ga yara, ga girkin buɗa baki. Wayarta kuwa ƙarama ce mai tocila, ba ta san wani intanet ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wata ma'aikaciyar jinya, Dabora. Kirista ce, aiki ya kawo ta Jibiya ita da mijinta Ishaku. Takan leƙo ta duba wa Inna hawan jini. Ranar da ta shigo ta tarar da tsohuwa ta rungume sifika a cinya, ta tsaya.

"Mama, lafiya? Yau ban ji malaminku ba. Na saba jin muryarsa ta katanga."

"Malam ya bi Bawa Nijar," in ji Inna. Ta yi murmushin ƙarfin hali.

Salmatu ta yi mata bayani. Dabora ta ce, "Ai muna da akwatin waifai a gida. Sai dai ni ban san yadda ake haɗa wannan abin ba. Bari mu kira wadda ta saya."

Ta kira Hasiya. Sai a ranar Hasiya ta ji inda akwatinta yake. Ta yi salati, sannan ta ce akwai hanya mai sauƙi. Sifikar suna ɗaya da lamba ɗaya ta sani, na wayar Bawa. Idan Dabora ta sa wa akwatinta wannan sunan da wannan lambar, sifika za ta ɗauka Bawa ne ya dawo, ta kama. Sunan dai, kowa ya san shi. Lambar kaɗai ake nema.

Suka kira Bawa a layinsa na Nijar. Salmatu ce ta fara magana.

"Maigida, ya jikin motar? Dama Inna ce..."

"Ina nan cikin rana da azumi ina fama da bakanike, ku kuna kirana kan mi?"

Inna ta miƙa hannu, aka sa mata wayar a kunne.

"Bawa, ka ba su lambar nan. Maƙwabciyarmu za ta taimake ni."

"Wace maƙwabciya? Inna, gidana ba ya roƙon komi wurin kowa. So kike a ce a gari uwar Bawa ta koma shan intanet ɗin 'yan haya? Ki yi haƙuri in dawo. Karatun gudu yake?"

"Karatu ba ya gudu. Azumin ke tahiya, Bawa. Ni ma ban da tabbas."

"Haba Inna, ki bar irin wanga zance. Kuma ki ce ma Salmatu kar in ji an taɓa mani kaya."

Ya kashe wayar.

Ya kashe wa uwarsa waya. Ba abinci ta roƙa ba, ba sutura ba. 'Yan lambobi ne da zai faɗa cikin numfashi ɗaya, ba abin da zai ragu a jikinsa. Kunyar idon mutanen gari ta fi masa nauyi a kan hawayen wadda ta haife shi.

Da Hasiya ta ji yadda aka yi sai ta kira, ranta a ɓace. Ta ce saura hanya ɗaya. Akwai wani maɓalli a jikin sifikar, idan aka danna aka riƙe, za ta manta duk abin da Bawa ya saka mata, ta koma kamar sabuwa. Daga nan sai a haɗa ta da waifai ɗin Dabora.

Dabora ta ja baya. "Mama, mai gidan ya ce kar a taɓa. Ni baƙuwa ce a garin nan, ba na son fitina."

Salmatu ma ta sunkuyar da kai. Ita ce za ta kwana da faɗan.

Inna ta ce, "Wa aka kawo ma tsarabar nan?"

"Ke, Mama."

"To mai abu ta ce a taɓa. Kama yatsana ki ɗora mani a wurin. Ni zan danna da kaina, in ya zo ya tambaya a ce ni ce."

Dabora ta kama yatsan tsohuwa ta ɗora. Inna ta danna ta riƙe har fitilar ta canza launi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sai an sauke wata manhaja a wayar Dabora, ga shi ɗakin Inna yana can ƙuryar gida, inda waya kan bar layin Najeriya ta kama na Nijar ba tare da an aike ta ba. Ana cikin saukewa sai ta tsallaka, komai ya tsaya.

"Mama, ɗakinki a wace ƙasa yake ne?" in ji Dabora.

"Tambayi 'yan kwastan, ɗiyata."

Suka yi dariya, har Salmatu. Dabora ta fita tsakar gida ta ƙarasa. Sai kuma aka ga waifai ɗin ba ya ratso katanga daga falonta. Ta koma gida ta cire akwatin, ta kai shi tagar kicin ɗinta mai kallon ɗakin Inna, ta ɗora a kan gwangwanin madara.

Mijinta ya leƙo ya ce, "Yanzu in ina son jin labarai sai na zo na zauna kusa da tukunya?"

"Sai ka riƙa juya mini miya kana ji," in ji ta.

Fitilar sifika ta kama. Inna ta gyara zama, ta faɗi sunan surar da ta tsaya a kanta. Da muryar mai karatu ta cika ɗakin, ta rufe fuskarta da mayafi. Dabora ta fita a hankali.

Daga ranar ba a kashe akwatin nan ba. Ko za ta tafi aiki sai Dabora ta duba cajinsa. Inna ta samu safiya da rana da yamma, ta rama abin da ya wuce ta.

Ranar jajibirin Sallah, bayan La'asar, ya rage mata gajerun surori. Salmatu ta soya waina ta sadaka, ta kira matan unguwa su zo addu'ar sauka kamar yadda aka saba. Inna ta ce lallai a kira mata Dabora. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta yafa gyale, ta zauna a bakin ƙofa.

Daidai lokacin Bawa ya iso. Tun daga waje ya ji karatu na tashi a gidansa, alhali wayarsa tana aljihu a kashe, cajinta ya ƙare. Ya shigo ko sallama babu.

"Wa ya taɓa mani sifika? Salmatu! Ba na ce kar a taɓa ba?" Idonsa ya faɗa kan Dabora. "Ke ce ko? Wa ya ba ki izinin shiga harkar gidana? Tashi ki fita!"

Dabora ta miƙe tana gyara gyale. Inna ta ɗaga hannu.

"Zauna, ɗiyata."

Ta ce wa sifika ta tsaya. Ɗaki ya yi shiru, mata sun sunkuyar da kai.

"Bawa, yatsana ne ya danna. In faɗa za ka yi, ga ni. Wagga baiwar Allah ba addininmu ɗaya ba, amma ita ta buɗe mani littafin Allah. Kai da na goya, na kai makaranta da hannuna, kai ka rufe shi ka sa a aljihu ka ƙetare iyaka."

"Inna, ni mutuncin gidan nake..."

"Na ji. Yanzu ka ɗan fita waje. Zan ƙarasa, zan yi addu'a. Ban yi maka baki ba, Allah shi kiyaye, ba kuma zan yi ba. Amma yau sunanka ya yi mani nauyi a baki."

Bawa ya dubi matan, ba wadda ta ɗago. Ya juya ya fita zaure.

Yana tsaye a can ya ji an ƙarasa surar ƙarshe. Ya ji muryar uwarsa ta fara addu'a. Ta ambaci iyayenta da mijinta da suka riga mu gidan gaskiya. Ta ambaci 'yarta ta Kano. Ta ambaci Salmatu da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Allah ya saka wa Dabora da alheri, ya tsare ta a hanyar aikinta, ya jiɓinci lamarin gidanta, kada ta nemi taimako ta rasa. Mata suna ta amsawa da amin.

Bawa ya matso jikin labule, ya kasa kunne.

Inna ta shafa addu'a. Bai ji sunansa ba.

Darasi: Duk abin da Allah ya sa a hannunka wanda wani ke buƙata, amana ce, ko da 'yar lambar waya ce. Kada ka mayar da buƙatar iyayenka abin nuna isa, kuma kada tsoron bakin mutane ya sa ka toshe alherin da ya zo musu ta hannun maƙwabci. Idan ka saya wa tsohonka ko tsohuwarka irin wannan na'ura, haɗa ta yadda za ta yi aiki ko ba ka nan. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu iyaye a raye. Allah ya sa mu gama da namu lafiya.