Tulun Kura a Hanyar Makaranta

Gatanan gatananku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata shekara Kura ta ce ta tuba da cin nama. Ta kafa tulu a hanyar makarantar Malam Dila, tana raba wa ɗalibai wani ruwa mai zaƙi kyauta. Duk wanda ya sha sai ya yi ta dariya, daga nan barci ya kwashe shi. Ba a jima ba aka nemi ɗan Zomo aka rasa.

Iyaye suka taru suka ce, "Malam, ka sa bulala."

Dila ya ce, "Bulala ba ta kashe son sani." Ya tara ɗalibai ya ce, "Ku je ku tambaya. Amma ku tuna, a dajin nan mai magani shi ke fara kurɓa."

'Yar Barewa, sarauniyar tambaya, ta nufi tulun, sauran na biye.

"Gwaggo Kura, me ke ciki?"

"Maganin damuwa ne, 'yata."

"'Ya'yanki suna sha?"

"Su ba su kai ba tukuna."

"To ke kurɓa mu gani."

Kura ta fusata ta ce, "In na sha na yi barci, wa zai kwashe ku?"

Ta yi wuf ta rufe baki, amma magana zarar bunu ce. Iyaye suka zo suka fasa tulun, suka kore ta. Ɗan Zomo kuwa har yau uwarsa na kallon hanya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai tambaya ya kwana gida.