Hannun Hagun Muttaƙa

A Birnin Konni an yi wani mai kilishi, sunansa Muttaƙa, wanda Allah ya zuba wa zargi fiye da kason mutum goma. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya laluba aljihunsa. In kun gaisa hannu da hannu, bayan ka wuce sai ya duba ko yatsunsa sun cika. An ce ko agogon masallaci bai yarda da shi ba, sai ya fita ya kalli rana. Amma a sana'a ba a ja da shi. Yakan yanka nama ya yi siriri har ka hangi lambar mota ta cikinsa. Da hagu yake wannan aiki, don bahago ne tun haihuwa. Ya sha duka a kan haka yana ƙarami, sai ya girma yana ci da dama, yana gaisawa da dama, kuma duk wanda ya kira shi Bahago, to sai an raba su.

Wata ranar Talata ya kai wa ma'aikatan siminti kilishi a Malbaza. Yana dawowa bisa babur, kamyon siminti, wato babbar motar kaya, ya goge shi ya watsar da shi gefen hanya. Ransa ya tsira, amma hannun hagu ya murƙushe, yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce akwai aikin da za a yi masa a Yamai yatsun su dawo, sai dai yana da tsada, kuma ba ya son jinkiri. Jandarma suka rubuta takarda, aka ce ya tafi buron kamfanin inshorar da kamyon ke ƙarƙashinsa, a biya shi diyya.

Kafin ya tafi sai ya biya wurin amininsa Tanimun mai shayi, wanda bai taɓa shiga buro ba amma ya san labarin kowane buro.

"Aboki, yanzu ba mutum ke yanke kuɗin ba," in ji Tanimun. "Kwamfuta ce. Ana tambayarka, ana zuba mata, ita ko tana rage maka."

"Wa ya saye ta?"

"Kamfani mana."

"To ka gani," in ji Muttaƙa. "Abin da kamfani ya saya da kuɗinsa, ni zai yi wa aiki? Wallahi ba ta samun komi daga bakina sai abin da na auna."

A buro ya tarar da Madam Latifa, ma'aikaciyar da aka turo daga Doso, ba ta san kowa a garin ba. Ta ba shi kujera, ya dudduba ƙarƙashinta kafin ya zauna. Ta ba shi ruwa, ya ce yana azumi, alhali bakinsa jawur da goro. Ta yi masa bayani cewa kwamfutar na haɗa shekarun mutum, da sana'arsa, da abin da likita ya rubuta game da raunin, sannan ta fitar da adadi. Ta soma tambaya, yana amsawa da ƙyar kamar ana cire masa haƙori.

Can ta ce, "Baba, da wane hannu kake aiki?"

Muttaƙa ya gyara zama. A ransa ya ce ga tarkon nan ya zo. In ya ce bahago ne, kwamfuta za ta rubuta cewa dama can da nakasarsa, ta zaftare rabi. Ga shi kuma wannan baƙuwa za ta samu abin dariya.

"Da dama mana, Madam. Mi kika ɗauke ni?"

"Ka tabbata, Baba? Tambayar nan tana da nauyi. In hannun sana'arka ne ya lalace, lissafin daban yake."

Jin ta nanata, sai zarginsa ya ƙaru. Ai ba a matsa wa mutum haka sai da wata manufa.

"Ɗiyata, rubuta dama. Wanga hannu na hagu ko ƙuda ba ni kora da shi."

Ta rubuta. Bayan sati uku aka kira shi. Da aka faɗa masa adadin sai ya ji daɗi a ransa, don ya tabbata ya yi ƙaranci, wato zarginsa ya yi daidai. Ya dangwala yatsa a takardar da ta ce ya karɓa ya yafe sauran magana, ya kwashi kuɗin ya fita yana waiwaye.

Likita ne ya buɗe masa ido. Ya ce kuɗin ko rabin aikin ba su kai ba, ya karɓi takardar ya karanta, ya ɗago kai.

"Malam Muttaƙa, wa ya ce musu da dama kake yanka? An lissafa ka a matsayin wanda sana'arsa ba ta tsaya ba. Da an rubuta hagu, da ka je Yamai ka dawo da canji."

Ya koma buro da gudu, tun daga ƙofa yana ɗaga murya: "Madam, bahago ne ni! Tambayi kasuwa duka!"

Madam Latifa ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ko da yake bai iya karatu ba. Ta ce, "Baba, sau biyu na tambaye ka. Ka dangwala, an rufe. Ni ba ni da ikon buɗewa."

Ya yi ta yawon neman rance har lokacin da likita ya ɗiba ya wuce, yatsun suka sandare. Ya gwada yanka da dama, naman ya fito da kauri kamar tafin takalmi, masu saye suka koma wani tebur. Yau in ka bi ta tasha za ka gan shi a rumfar Inusa, wani mai kilishi wanda da can ko wuƙar Muttaƙa bai isa ya riƙe ba, yana tsoma naman da wani ya yanka cikin ƙulli, ana biyansa da yini.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba laifi ba ne mutum ya yi hattara da na'urar da wani ya saya don auna haƙƙinsa. Ya tambaya, ya sa a karanta masa, kada ya dangwala abin da bai gane ba. Amma zargin da ke sa ka ɓoye gaskiyarka ba ya kare ka daga kowa. Na'ura ba ta san ka ba, abin da ka faɗa kawai ta sani, kuma in ka ba ta ƙarya, da ita za ta auna ka.